Yadda Ake Kafa Gonar Ciyawa Domin Shanu Su Tsallake Bazara

Daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko, saniyar da ta yi ƙiba da kaka takan fara zubewa, haƙarƙarinta ya fito, nononta ya ƙafe, kuma ko da tana tare da bijimi ba ta cika ɗaukar ciki ba. Makiyaya da yawa sukan ɗauka cewa rashin ciyawa ne kawai yake jawo haka, alhali sau da dama ciyawar tana nan tsaye a daji, amfanin da ke cikinta ne ya gudu. A cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa, kuma suna bukatar sinadarin furotin, mai gina jiki, kafin su yi aikinsu. Idan furotin ɗin ciyawa ya yi ƙasa da kashi 7 cikin 100, aikinsu yakan yi rauni, abinci ya daɗe a tumbi, saniya ta rage ci. Busasshiyar ciyawar daji kuwa takan sauko zuwa kashi 2 ko 3 a tsakiyar rani. Saboda haka manufar gonar ciyawa ita ce a tanadi abin da zai cike wannan giɓi, tun damina tana tsaka.

Abu na farko shi ne zaɓen fili. Ya kamata ya kasance kusa da mashekari ko gida, inda ido zai riƙa kaiwa, kuma nesa da burtali domin kada ya zama sanadin rigima da masu wucewa da dabbobi. A guji kwarin da ruwa yake kwanciya a cikinsa, domin irin wannan wuri ne matattarar dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar hanta. Kafin a zuba ko ƙwayar iri ɗaya, a tabbata an daidaita da mai unguwa ko dagaci a kan mallakar filin, sannan a kewaye shi. Shinge shi ne ya fi komai cin kuɗi a wannan aiki, amma gonar ciyawar da ba ta da shinge ta zama ta kowa, kuma awakin gari za su cinye ta tun kafin ta kafu. Wanda ba shi da halin sayen waya mai ƙaya yana iya farawa da darni ko sarƙaƙiya, ya dasa itatuwan shinge a jikinsu. A nome faɗin taku uku zuwa huɗu kewaye da gonar da zarar kaka ta yi, domin tare gobarar daji.

Ciyawar da ta fi dacewa a fara da ita ita ce gamba, wadda manoma a ƙasar Hausa suka daɗe suna dasawa a iyakokin gonaki domin saƙar zana. Tana da saiwa mai zurfi, tana jure fari da wuta, ba ta mutuwa da rani, kuma tana cikin ciyayin da suke fara tohowa da ruwan farko, lokacin da shanu suka fi matsuwa. Abin da ya kamata ya sa mu ƙara ganin darajarta shi ne, irin gamban da aka ɗauka daga Shika ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne masu bincike suka gwada a Kolombiya, har aka raba shi ga makiyayan Kolombiya da Burazil a shekarar 1980. Abin da wasu suka tsallaka teku domin su samu, mu yana bakin gonakinmu.

Irin gamba yana da gashi, ba shi da nauyi, kuma da yawansa ba ya tsira, don haka dashe ya fi shuka tabbas ga ƙaramin makiyayi. Idan ruwa ya zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, sai a haƙo tsohon gindi, a tsattsaga shi yadda kowane ɓari zai fito da saiwarsa da karare biyu ko uku, a datse ganyen, a dasa a layi da tazarar kamar taku ɗaya, a danne ƙasa da ƙafa. A shekarar farko a yi mata noma sau biyu, a zuba takin shanu, kuma a hana dabbobi shiga har sai ta kafu.

Sai dai gamba ita kaɗai ba za ta raba gardama ba, domin da zarar ta yi kara ta fitar da kai, ita ma furotin ɗinta yakan faɗi. Dole ne a haɗa ta da tsiro daga dangin wake. A nan ne binciken da wata cibiyar kiwo ta ƙasa da ƙasa mai suna ILCA ta gudanar tare da Fulani makiyaya a yankin Kachiya ta jihar Kaduna, a shekarun 1980, yake da amfani. Sun yi aiki da wani tsiro da ake kira sitailo, nau'in Verano, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma yana riƙe furotin ko bayan ya bushe. Tsarin da suka bi mai sauƙi ne. Ana kewaye fili mai kimanin hekta 4, a riƙa kwantar da garke a cikinsa da dare a farkon damina domin kofato ya farfasa ƙasa, kashi kuma ya zama taki, sannan a watsa iri kimanin kilo 10 a kowace hekta tare da takin zamani mai sinadarin fosfet. Ƙwayar irin tana da tauri, saboda haka ana jiƙa ta a ruwan zafin da bai kai ga tafasa ba na kamar minti 10, a shanya a inuwa kafin a watsa. Idan ciyawar daji ta nemi ta shanye sitailo a makonnin farko, sai a saki shanu su ɗan taɓa, domin a wannan lokaci ciyawar suke zaɓa su bar shi. Daga nan a rufe gonar har rani. Wanda bai samu wannan iri ba, harawar wake da ta gyaɗa za su yi masa aiki makamancin haka, muddin an tattara su kafin ganyen ya kakkaɓe.

Lokacin yanka shi ne inda mutane da dama suke asara. Mai son ya ga tarin ingirici yakan jira har gamba ta fi shi tsawo, amma abin da yake tarawa a lokacin kara ne, ya fi dacewa da zana. A yanke ta tana da ganye, kafin ta fitar da kai, a bar kamar taƙi ɗaya a saman ƙasa domin ta sake tohowa. Kyasuwa ma haka take, a yanke ta kafin ta yi fure. A shanya kwana biyu ko uku ana juyawa, kuma alamar ingirici mai kyau ita ce ya bushe amma launinsa yana nan kore-kore, yana ƙamshi. A ɗaure dami-dami, a ɗora a kan rumfa ko dakali nesa da ƙasa saboda gara, a lulluɓe saman. Duk damin da ya yi funfuna a zubar da shi, kada a ba dabba.

Wajen ciyarwa, ba a raba wannan tanadi ga garke duka daidai wa daida. Gona mai hekta 4 an tsara ta ne domin shanu 15 zuwa 20, su shiga na awa 2 zuwa 3 a rana, sauran yinin su yi kiwo a daji kamar kullum. Masu ciki tsoho da masu shayarwa su ne a gaba, sai karsanun da ake son su ɗauki cikin fari, sai maruƙan da aka yaye. Dalili kuwa shi ne, saniya tana ɗaukar ciki na wata 9 da 'yan kwanaki, kuma idan ta haihu a rame takan daɗe ba ta nemi bijimi ba, shi ya sa a garke da yawa sai bayan shekara biyu ake ganin wani maraƙin. Wadda ta haihu da jikinta takan dawo neman bijimi da wuri, a riƙa lura da ita duk bayan kwana 21 a ga ko ta nema. A haɗa musu da ɗan dusa ko angurya, da gishiri ko kanwa, da ruwan sha wadatacce, a kuma fitar da su daga gonar tun sitailo bai ƙare ƙarƙaf ba, domin irin da ya zube shi ne zai tsira da damina mai zuwa.

Abincin da aka wahala wajen tanadinsa bai kamata ya tafi ga tsutsar ciki ba, saboda haka a ba shanu maganin tsutsa da na hanta a ƙarshen damina, kafin a buɗe gonar, bisa shawarar likitan dabbobi. A yi musu allurar rigakafin ciwon huhu da ta harbin daji a kan lokaci, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, da aka kafa tun 1924, take haɗawa. Idan kuma ruwan farko ya sauka, a tsare su daga gyauron dawa, domin ɗanyen tohonsa yana da dafin da yake iya kashe saniya cikin sa'o'i kaɗan, musamman wadda ta fito da yunwa.