Yadda ake wuni guda a hanyar Utah da kare a mota

A wajenmu kare na gadi ne ko na farauta, amma a Amurka ɗan gida ne, har wurin zamansa gare shi a mota. In ka samu kanka can da kare a hannu, naka ne ko na amana, kana kuma son ganin jajayen duwatsun yammacin ƙasar, hanya mai lamba 12 a kudancin jihar Utah ta ishe ka wuni guda. Tsawonta kusan kilomita 200 ne, daga kusa da garin Panguitch zuwa Torrey.

Tun da daddare ka haɗa kaya: jarkar ruwa, kwano, igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, ledojin kwashe kashi, da hantsaki saboda ƙaya. Ka sauke taswira a waya, don sabis ɗaukewa yake yi a tsakanin duwatsu.

Da asuba ka ba shi abinci kaɗan, a bari ya faɗa masa kafin a tashi, in ba haka ba lanƙwasar hanya za ta sa shi amai. A kujerar baya za ka ɗaure shi da ɗamarar ƙirji, kada a wuya.

Zango na farko Red Canyon ne, cikin dajin gwamnati na Dixie. Nan ka daɗe, domin an yarda kare ya bi hanyoyin ƙafa muddin yana ɗaure. Ya sha iska, ya gaji tun da sanyin safiya. Wannan shi ne abin da baƙi ba sa ganewa sai sun isa gandun Bryce Canyon da ke gaba kaɗan, su tarar dokarsa ta sha bamban. A can kare ba ya sauka cikin kwari. Iyakarsa inda aka shimfiɗa kwalta ko siminti, kamar 'yar hanyar da ta haɗa Sunrise Point da Sunset Point. Daga nan ɗin ma za ka hango dogayen duwatsun nan masu kama da ginshiƙai. Awa ɗaya ta wadatar. Kada ka ce za ka kulle shi a mota ka sauka kai kaɗai. Ko da wurin ya haura mita 2,400 a sama, mota a rana tanderu ce.

Ka sha mai a Escalante. Gaba da garin akwai Calf Creek, inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 38, kuma ana shiga da kare. Sai dai tafiyar ta kusa kilomita 10 zuwa da dawowa, mafi yawanta cikin rairayi. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ba ka iya jurewa na 'yan daƙiƙu ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. A ganina, in lokacin zafi ne kuma rana ta take, haƙura ya fi. Ka ba shi ruwa a inuwa ku wuce.

Daga nan sai Hogback, inda titin ya hau kan siririn tudu, rami dama rami hagu. Rufe gilashi, riƙe sitiyari da hannu biyu, kallo sai a wurin da aka ware don tsayawa.

Bayan ƙauyen Boulder hanya za ta haura dutse har kusan mita 2,900. Iska ta yi sanyi, itatuwa sun yi duhu, nan ne wurin hutun la'asar. Amma igiya na hannunka, don shanu na kiwo a sake har bakin titi.

Ka yi ƙoƙari ka shiga Torrey kafin magariba, lokacin da bareyi ke tsallaka hanya. Masauki kuwa tun kafin tafiya ake tambaya ko suna karɓar kare, wasu ma sai an ƙara kuɗi. Kafin ya kwanta ka duba tsakanin yatsunsa da cikin kunnuwansa, ka cire duk ƙaya ko kaskar da ka gani.