Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Ana Ta Cizon Cikin Kunci Bayan Ya Kumbura

Wanda ya ciji cikin kuncinsa yana cin abinci yakan sake cizon wurin kafin kwana biyu, kuma dalilin hakan a fili yake. Naman da haƙori ya kama yakan kumbura, ya turo zuwa tsakanin turamen haƙoran sama da na ƙasa, don haka duk lokacin da aka haɗe baki sai haƙoran su tarar da shi a kan hanyarsu. Kowane sabon cizo yana ƙara kumburin, kumburin kuma yana jawo wani cizon. Yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga rashin lura da wannan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ci gaba da tauna kamar yadda aka saba, da sauri, ana ci ana magana. Abin da ya dace shi ne a koma tauna da ɗaya gefen na 'yan kwanaki, a rage girman loma, a zaɓi abinci mai laushi, a kuma guji mai yaji da mai tsami da mai zafi sosai. A ranar farko, tsotsar ƙanƙara ko ɗora tsumma mai sanyi a kan kuncin daga waje na kamar minti 10 yana rage kumburin. Bayan kowane cin abinci a kurkure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya wanda aka narkar da rabin ƙaramin cokalin gishiri a ciki.

Wasu kuma sukan wuce gona da iri wajen magani, wannan ne kuwa ya fi damuna. Ana samun masu ɗora ƙwayar asfirin a kan ciwon, alhali sinadarinta yana ƙona fatar cikin baki ya bar wani farin gyambo da ya fi na farko muni. Haka nan goga gishiri kai tsaye, ko kurkura da ruwan wanke baki mai ɗauke da barasa, raɗaɗi kawai yake ƙarawa. Idan zafin ya matsa, a haɗiye farasitamol bisa ƙa'idar da ke rubuce a kwalinsa. Bai kamata a daina goge haƙora don tsoron fama ciwon ba, sai dai a yi amfani da buroshi mai laushi, a bi gefen a hankali. Taɓa wurin da harshe ko tsotsarsa ma yana hana shi haɗewa.

Akwai kuskure mafi zurfi, wato a yi ta jinyar naman a manta da haƙorin da ke yi masa rauni. Idan wuri ɗaya ake cizo wata da watanni, da wuya a ce rashin sa'a ne kawai. Haƙori da ya ɓalgace ya bar baki mai kaifi, ko cikon da aka yi masa ya yi tudu, ko haƙoran roba da suka daina zama daidai, duk suna iya zama sanadi. Haƙoran ƙarshe na can ƙurya, waɗanda suka fi fitowa tsakanin shekara 17 da 25, sukan karkata zuwa wajen kunci, musamman na sama. Likitan haƙori zai iya goge kaifin cikin ɗan lokaci, ko ya gyara cikon, ko ya cire haƙorin idan babu wata mafita. Masu sanye da wayar daidaita haƙora kuwa akwai kakin da ake liƙawa a kan ƙarfen da ke gugar kuncin.

Wanda ke farkawa da asuba ya tarar da sabon rauni, ga muƙamuƙi yana masa ciwo, mai yiwuwa yana datse haƙora ne cikin barci, kuma robar kariya da likita ke aunawa daidai bakin mutum tana taimakawa. Wasu kuma tauna kunci ta zame musu ɗabi'a a lokacin damuwa ko zurfin tunani, har fatar wurin ta yi fari ta yi kaushi. Faɗa da tsawa ba sa raba mutum da wannan, musamman yaro; abin da ke aiki shi ne gane lokutan da abin ke zuwa da rage damuwar da ke tayar da shi. A kuma kula bayan allurar kashe zafi a wurin likitan haƙori, kada a ci komai sai bakin ya dawo da jinsa.

Jira fiye da kima shi ma kuskure ne. Raunin cizo yakan warke cikin kwana 7 zuwa 14. Idan gyambo ya haura mako 3, ko ƙullutu mai tauri ya fito, ko aka ga farin tabo ko jan tabo da ba ya gogewa, wajibi ne likita ya duba, domin sankarar baki tana iya farawa da irin wannan kama, musamman ga masu shan taba da barasa. Ruwan mugunya, zazzaɓi, ko kumburin da ke bazuwa zuwa fuska alamu ne na shigar ƙwayoyin cuta, kuma idan numfashi ko haɗiya suka fara wuya, a nufi asibiti nan take.