Fostar jarumin fim: wuraren da ake yawan tafka kuskure da yadda ake gyarawa

Fostar da ke ɗauke da mutum ɗaya daga cikin fim aikinta shi ne mai wucewa ya kalle ta na ɗan lokaci ya gane ko wane ne wannan a labarin. Mutumin da ɗan wasan ya zama ake nunawa, kyawun fuskarsa yana baya. Yawancin ɓarnar da nake gani daga mance wannan take tasowa.

Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce a bar maganar fosta sai an gama ɗaukar fim. Zuwa lokacin jarumin ya aske gemun da ya tara, sutura ta watse, mai kwalliya ta kama wani aikin. Sai a koma cikin bidiyon a yanko hoto ɗaya. Lissafi kansa bai yarda da wannan ba. Hoton bidiyo mai ingancin 4K fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 3840 ne a faɗi da 2160 a tsayi, kuma a kwance yake. Fostar sinima da aka saba inci 27 ce da 40, a tsaye, kuma ko da fiksel 150 a kowane inci za a buga ta, ana bukatar 4050 da 6000. Ga shi fim yawanci hotuna 24 ne a daƙiƙa, kowanne yana shan haske na kashi ɗaya cikin 48 na daƙiƙa, don haka hannun da ya motsa dishi-dishi zai fito. A sa ranar hoton fosta cikin jadawali tun farko, lokacin da kowa ke cikin shigarsa, mai kula da sutura yana tsaye, don kada tabon da ke kumatun hagu a fim ya koma na dama a fosta.

Daga nan sai zuwa wurin ɗauka ba tare da an karanta labarin ba. Mai hoto ya ce wa jarumi "yi murmushi, kalli nan", alhali a fim mutum ne da aka zalunta yake neman fansa. Kai mai hoto, kafin ka kunna fitila, zauna da darakta ku rubuta jimla ɗaya a kan mutumin: me yake so, me yake tsoro. A zana fostar a takarda, ko da zanen bai yi kyau ba. Ranar ɗauka kuma kada ka ce masa ya tsaya kaza. Tuna masa wata fitowa, ya faɗi maganarsa ta ciki, kai kuma ka danna a lokacin da fuskar ta ɗauka.

Haske ma magana yake yi, kuma nan ne ake son a yi wa kowa adalcin da bai dace ba: fitila ɗaya daga gaba, mugu da mai gaskiya duk fuska fes. Haske daga gefe mai barin rabin fuska a inuwa yana nuna mai ɓoye wani abu. Daga ƙasa yana tsoratarwa, mai laushi daga babbar fitila kusa da fuska yana jawo tausayi. Idan fatar jarumin mai duhu ce, kada ka cika ƙarfin fitila har goshi ya yi ƙyalli. Faɗaɗa hasken, a shafe maiƙo, ka ƙara wata fitila a baya ta raba shi da bango.

Gilashin kyamara mai faɗi, irin 24mm, idan aka matso da shi kusa yana kumbura hanci. Ja baya, ka ɗauka da gilashi mai jawo nesa, 85mm zuwa 135mm. Buɗe ƙofar hasken gilashin sosai zuwa f/1.4 kuma yana narkar da kunne da gashi, mai tsara fosta ya rasa inda zai yanke. Tsuke ta zuwa f/8 ya fi masa sauƙi. Haka koren ƙyallen da ake sawa a baya don a sauya bango daga baya, yana zubo launinsa a fata da gefen gashi, bango mai ruwan toka ya fi shi tsabta. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, don gyara ya yi sauƙi.

Sannan a tuna rubutu zai hau. Sunan fim, sunan jarumi, ranar fitowa, duk suna neman wuri, kuma hoton nan ɗaya za a yanka shi a ma'aunin faɗi da tsayi 4:5 da 9:16 don waya. Wanda ya cika firam da fuska ya ɗaure hannun mai tsarawa. Bar fili sama da ƙasa, kada ka yanke gwiwar hannu ko bakin makami.

Idan jarumai biyar ne kowa da fostarsa, auna tsayin kyamara, ka manna alama a ƙasa inda ake tsayawa, ka rubuta saitin fitilu, domin wani ba zai zo ba sai bayan mako. Kafin a buga da yawa, a fitar da gwaji ɗaya a duba shi da ido, saboda launin allo RGB ne, wato haɗin haske, na injin bugawa CMYK, wato haɗin tawada, kuma inuwar da ke da kyau a allo takan toshe ta zama baƙi ƙirin a takarda.