Babi na 4: Koya wa Yara Kai Hari a Ƙwallon Kwando

Darasi na 1: Kafa ƙafa

Sannunku da ƙoƙari. Wanda karatu ke ba shi wuya ya bi layi da yatsa, ba sauri ake ba.

Yaranmu na nan Jidda suna ce wa wasan "salla". Ba ta ibada ba, kwando ke nan da Larabci. Tun da aka yi gasar cin kofin Asiya a garin nan cikin Agustan 2025, kowane yaro so yake ya jefo daga nesa. Ku taka musu birki tukuna.

Kowane ɓangare mutum 5 ne. Daga ƙasa zuwa bakin kwando mita 3.05 ne, ya fi ƙarfin ɗan shekara 9. In da hali a sauko da shi zuwa 2.60, a ba yaro ƙaramar ƙwallo, wato mai lamba 5.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya cafe ƙwallo da hannu biyu. Ya tsaya cak. Ya kafa ƙafa ɗaya kamar an buga mata ƙusa. Ɗayar ce mai juyawa, gaba ko baya. Kafaffiyar tana nan inda take. In ya ɗaga ta kafin ya saki ƙwallo ya fara buga ta a ƙasa, alƙali zai busa usur, an ƙwace ke nan.

Ku ɗauki alli ku kewaye takalminsa. Cafe, tsaya, kafa, juya. Ya fita daga zanen? Ba komai, a sake. Sau 10 da ƙafar dama, sau 10 da hagu. Cafe, tsaya, kafa, juya.

Makon jiya bayan la'asar na ga wani a cikinku ya tsallake wannan, wai yara sun ƙosa. Haba Malam! Kai ma da ka gwada, ai jan ƙafar ka yi, har allin ya goge. A koma: cafe, tsaya, kafa, juya.

Darasi na 2: Miƙa ka ruga

Yaro ya miƙa wa ɗan'uwansa daga ƙirji, nan take ya ruga wajen kwando, hannu a sama. Kada ya tsaya kallo. Kada kuma su cunkushe wuri guda. Mai karɓa ya kafa ƙafa, na faɗa.

Darasi na 3: Jefawa

Daga kusa, a nufi allon bayan kwando. A gwada da hagu ma.