Fyaɗe a fina-finan Turai da Amurka: kurakuran masu shiryawa da yadda za a gyara su

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a yi wa mace fyaɗe a cikin labari don kawai a samo wa namiji dalilin ɗaukar fansa. A fim ɗin Death Wish na 1974, 'yan daba sun faɗa gidan Paul Kersey, suka kashe matarsa, suka ci zarafin 'yarsa. Daga nan labari ya zama nasa: ya ɗauki bindiga yana bin titunan New York cikin dare. 'Yar kuwa bakinta ya mutu, aka kai ta gidan jinya, fim ya ci gaba ba tare da ita ba. Ya kamata marubuci ya tambayi kansa: idan gari ya waye, wa kyamara za ta bi? In amsar uba ce ko miji, to ya koma ya sake rubutu, ya ba wadda abin ya shafa bakin magana da ikon yanke hukunci a kan rayuwarta.

Haka shirin talabijin na Game of Thrones ya yi a 2015, daren auren Sansa Stark. Ana cin zarafinta, amma fuskar Theon, wanda aka tilasta wa kallon abin, aka nuna yana hawaye, sai ka ce shi aka zalunta. A 2019 kuma suka ƙara wani kuskuren, suka sa Sansa tana nuna cewa wahalar da ta sha ce ta sa ta zama jaruma. 'Yar wasa Jessica Chastain ta fito fili ta yi tir da wannan, kuma ina tare da ita. Mace na iya yin wayo da ƙarfin hali ta hanyar karatu, mulki, asara ko gwagwarmaya, kamar yadda ake rubuta wa maza. Ba wanda zai gode wa azzalumi don ya tsira daga hannunsa.

Akwai kuma tsohuwar ƙaryar nan ta cewa "a'a" ɗin mace "i" ce. A Gone with the Wind na 1939, Rhett ya ɗauki Scarlett da ƙarfi ya hau bene da ita, da safe aka nuno ta tana murmushi. Irin wannan sai a goge shi gaba ɗaya. Kusa da shi akwai ɗabi'ar mai da mai laifin baƙo a lungu mai duhu, alhali mafi yawan waɗanda aka yi wa fyaɗe sun san wanda ya yi musu: miji, saurayi, ɗan uwa, maigida a wurin aiki.

Sai tsawaita nunawa. Irréversible na 2002 ya ɗauki kusan minti 9 kyamara na tsaye a kan fyaɗe, da hujjar wai don mai kallo ya ji zafin abin. Women Talking na Sarah Polley, wanda ya fito a 2022, bai nuna aikin ba sam. Ya nuna safiyar da ta biyo baya, da matan da suka taru a rumbun ciyawa suna shawarar su zauna ko su yi yaƙi ko su bar garin. Ni wannan ya fi taɓa ni nesa ba kusa ba, kuma ya ci lambar yabo ta Oscar ta rubutu.

Wanda ya fi ci mini rai yana faruwa ne a wurin ɗauka. 'Yar wasa Maria Schneider tana da shekara 19 lokacin Last Tango in Paris na 1972, Marlon Brando yana da 48. Darakta Bernardo Bertolucci ya amsa da bakinsa a 2013 cewa ya ɓoye mata wani ɓangare na abin da za a yi a fitowar fyaɗen da ke fim ɗin, don yana son ya ɗauki ainihin wulaƙancin da za ta ji. Ita ta faɗa a 2007 cewa hawayen da aka gani na gaske ne. Ta rasu a 2011.

Maganin wannan ya riga ya samu. Tun 2018 tashar HBO ta fara ɗaukar ƙwararru masu kula da fitowar da ta shafi tsiraici da kusantar jiki, bayan 'yar wasa Emily Meade ta nemi haka a shirin The Deuce. Ana rubuta kowane motsi tun kafin ranar ɗauka, 'yan wasa su amince da shi a rubuce, a rage mutanen da ke cikin ɗakin, kuma duk wanda ya ce a tsaya, sai a tsaya.