Yadda za ka zaɓi a-kori-kurar da kujerar jariri za ta zauna a cikinta daram

Mai neman Hilux ko wata a-kori-kura galibi buhu yake ƙirgawa a ransa: nawa za ta ɗauka, za ta iya hanyar gona da damina ko ba za ta iya ba. Sai bayan an biya kuɗi a tuna cewa da ita ce dai za a kai uwargida da jariri rigakafi. Girman motar ruɗi ne. Bodin kaya ya cinye kaso mai yawa na tsawonta, kujerar baya kuma a miƙe take, ta jingina da bango. Akwai a-kori-kurar da ƙaramar mota ta fi ta wurin miƙe ƙafa a baya. Don haka ga yadda za ka bi.

1. Fara mallakar kujerar jariri kafin motar

Kujerar ita ce ma'auninka, da ita za ka je wurin dila. Ta jariri sabon haihuwa baya take kallo, domin a wannan lokaci kansa ya fi ƙarfin wuyansa. Idan aka yi karo, bayan kujerar ne zai tallafe kai da wuya da gadon baya lokaci guda. Ƙa'idar R129 ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yaro ya ci gaba da kallon baya har ya kai wata 15 aƙalla. Kujerun tsohuwar ƙa'ida, R44, da nauyi suke tafiya, na jarirai kuma suna kaiwa kilo 13. Duba tambarin a jikin kujerar. Idan ta gwanjo ce, nemi ranar ƙira, domin masu yin su kan ba su wa'adin shekara 6 zuwa 10, kuma robar da ta sha rana tana iya tsagewa ba ka gani ba.

2. Ƙirga ƙofofi

A-kori-kura mai layin kujera ɗaya, ka bar wa masu dakon kaya. Kujerar da ke kallon baya ba a ɗora ta gaban jakar iska (airbag) mai aiki, ko da tafiyar daga gida zuwa bakin titi ce: jakar na fashewa ta doki bayan kujerar daidai inda kan jaririn yake. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ma cewa take yi yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya.

Mai ɗan lungu a bayan direba da 'yan ƙananan kujeru masu naɗewa, ita ma ba ta yi ba. Wasu tsofaffin ma kujerun nasu gefe suke kallo, kuma babu kujerar yaro da aka yarda a ɗaura a irinsu. Abin da kake nema shi ne dabul kabin, mai cikakkun ƙofofi huɗu.

3. Ɗora kujerar, sannan ka shiga gaba ka zauna

Nan ne yawancin motoci suke faɗuwa jarrabawa, kuma nan ne dila zai ce maka, "Alhaji, ai wannan ko mutum biyar sai su baje." Bar shi ya yi maganarsa, kai dai ka gwada.

Kujerar jariri tana son kishingiɗa, wajen digiri 45 ga sabon haihuwa, don kada kansa ya rinjaya kan ƙirji ya toshe masa numfashi. A gefenta akwai layi ko 'yar alama da ke nuna an daidaita. To kishingiɗar nan wuri take ci. Da ka daidaita ta, duba tsakaninta da kujerar gaba: tafin hannunka ya iya wucewa. Sai ka koma mazaunin direba ka gyara shi yadda kake tuƙi kullum. Idan sai ka matsa gaba har gwiwarka ta taɓa dashbod kafin kujerar ta samu wuri, gwada bayan mai zaman banza. Idan can ma wanda zai zauna gaba sai ya takure, motar ba taka ba ce, komai kyan fentinta.

Duba ƙasa kuma. Mazaunin baya na wasu a-kori-kura gajere ne, sai ka ga gindin kujerar ya leƙo waje. Kamfanoni da yawa suna son aƙalla kashi 80 cikin 100 na gindin ya hau mazaunin, wasu kuma duka. Idan kujerarka mai ƙafa ce da ke tokare ƙasa, tabbatar ta taka daben motar sosai.

4. Cusa hannu ka nemi ƙarfe

Tsakanin mazauni da majingina, a kujerun gefe biyu, laluba da yatsa. Kana neman 'yan ƙarafuna biyu, tazarar santimita 28 tsakaninsu. Su ne ISOFIX, inda ake maƙala kujerar yaro. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Tacoma da F-150, LATCH suke kiran tsarin, kuma doka ta wajabta shi a can tun 2002. Kada sunan mota ya ishe ka hujja. Hilux biyu 'yan shekara ɗaya suna iya bambanta, gwargwadon ƙasar da aka ƙera wa kowacce.

Rashin ƙarafunan ba ya kashe ciniki, bel ma yana riƙe kujera idan an bi da shi hanyar da littafinta ya nuna. Sai dai ka jawo kowane bel har ƙarshe ka duba: bai zare ba, bai ƙage ba, yana cijewa idan ka fizge shi. Na motocin Amurka idan ka jawo shi duka ka sake shi a hankali za ka ji yana ƙas-ƙas, ya kulle ke nan. Bayan ka ɗaure, kama kujerar daidai inda bel ya ratsa ka girgiza. Kada ta motsa fiye da santimita 2.5.

5. Yi tunanin baɗi

Yaro zai girma ya juyo gaba, kujerarsa ta lokacin kuma tana da igiya a sama da ake maƙalawa a baya. A a-kori-kura wurin maƙalawar ɓoyayye ne: wani yana jikin bango sai ka kwantar da majingina, wani kuma madauki ne a bayan matashin kai. Littafin motar ne zai nuna maka. Ƙugiyar rataye kaya ba ta maye gurbinsa.

6. Kai ta wurin makanikinka, sannan ka hau titi

Motocin da ake shigowa da su, da dama sun taɓa haɗari an gyara. Murɗa makulli ka kalli fitilar jakar iska: ta kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. Idan ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a rufe wani aibi. Makaniki ya sa na'ura ya duba, ya leƙa shasi ko an yi masa walda.

Daga nan ka tuƙa ta babu kaya, kujerar na ɗaure, wani babba na zaune kusa da ita. Sifirin ɗin baya don lodi aka yi shi, idan bodi ba komai tsalle take yi a kan gargada. Kunna esi, na bayan ya gaya maka ko sanyi yana isowa, domin da yawa ba su da mafitar iska a baya, kuma zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba abin gwaji ba ne ga jariri. Jak da sifana da galan da aka saba cusawa a bayan kujera, a samo musu akwati mai makulli a bodi tun kafin ranar da za a fara ɗaukar yaron.