Yadda ake hana Git kwashe fayilolin da bai kamata ba

Ɗalibin da ke haɗa manhajar aikin kammala karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko a Jami'ar Jihar Gombe, ya saba da buga `git add .` a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki, ba tare da dogon tunani ba. To, wannan ɗigon ba ya zaɓe. Duk abin da ya tarar a cikin folda shi yake kwasa. Foldar node_modules, inda ake ajiye kayan da manhajar ta dogara da su, ita kaɗai takan kai ɗaruruwan megabait, GitHub kuma, shafin da ake tura aikin, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce megabait 100, sai data ta ƙone, turawa ta ƙi. Mafi muni shi ne fayil ɗin .env, mai ɗauke da lambar sirrin rumbun bayanai da mabuɗin Paystack na karɓar kuɗi ta intanet, ya fita bainar jama'a.

Maganin wani ɗan fayil ne mai suna .gitignore, kuma lokacin rubuta shi shi ne kafin kwamit na farko, wato adana canje-canje a tarihin Git karo na farko.

Ka ƙirƙire shi a babbar foldar aikin, inda foldar .git take. Sunan ɗigo ne a gaba, babu komai a ƙarshe. Masu Windows su lura: Notepad yakan maƙala masa .txt a ɓoye, Git kuma ba zai kula shi ba. Haka in ka yi amfani da `echo` da alamar `>` a tsohon PowerShell 5.1, zai rubuta shi da tsarin UTF-16, wanda Git ba ya karantawa a nan. Buɗe VS Code ka ƙirƙire shi a ciki ya fi kwanciyar hankali.

Kowane layi doka ɗaya ce:

```
# sirri
.env
node_modules/
vendor/
__pycache__/
*.log
/build
uploads/*
!uploads/.gitkeep
```

Tauraro (*) na nufin ko wane suna, don haka `*.log` ya haɗa duk fayil mai wannan ƙarshen. Sanda (/) a ƙarshen suna na nufin folda kawai. Sanda a farko, kamar `/build`, ta taƙaita dokar ga babbar folda, ba za ta taɓa wata build da ke can ciki ba. Bayani da alamar # sai a farkon layi. In ka sa shi a gefen doka, Git zai ɗauke shi a matsayin ɓangaren sunan.

Alamar ! tana dawo da abin da aka cire, amma akwai tarko. In ka rubuta `uploads/`, Git ba zai ma leƙa cikin foldar ba, saboda haka layin ! na ƙasa ba shi da amfani. Shi ya sa aka rubuta `uploads/*`: an cire kayan ciki, an bar ƙofa a buɗe ga .gitkeep, fayil marar komai da ke sa Git ya riƙe foldar. Bayan haka ka yi wa .gitignore ɗin kansa kwamit, domin 'yan rukuninku su samu. Kada ka saka package-lock.json ko composer.lock cikin waɗanda za a cire, su ne ke sa kowa ya sauke sigar kayan manhajar da kake amfani da ita.

Inda aka fi shan wahala shi ne a rubuta doka daidai, amma fayil ya ci gaba da fitowa a `git status`. Dalilin shi ne .gitignore ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya fara bibiya. Sai ka cire shi da hannu:

```
git rm --cached .env
git rm -r --cached node_modules
git commit -m "cire fayilolin da ba a bukata"
```

Kada ka manta da `--cached`, domin ba tare da shi ba za a goge fayil ɗin daga kwamfutarka ma. Ka kuma sanar da abokan aiki su kwafe nasu .env gefe kafin su yi `git pull`, saboda kwamit ɗin yana iya share shi a wajensu. Sannan wannan bai goge tarihi ba. Duk wanda ya buɗe tsohon kwamit zai ga lambar sirrin ƙuru-ƙuru. In ka taɓa tura ta, ka canza ta a ranar, ka soke tsohon mabuɗi ka karɓi sabo. A madadin .env ka ajiye .env.example mai sunayen saituna kawai, babu lambobin.

In wani fayil ya ƙi shiga kuma ba ka san dalili ba, `git check-ignore -v sunan_fayil` zai nuna maka dokar da ta tare shi da lambar layinta. `git status --ignored` kuma yana jero duk abin da aka tsallake.

Tarkacen da ya shafi kwamfutarka kai kaɗai, irin su Thumbs.db na Windows da .DS_Store na Mac, bai kamata ya cika fayil ɗin rukuni ba. Ka zuba su a wani fayil mai suna `~/.gitignore_global`, ka buga `git config --global core.excludesFile ~/.gitignore_global`, zai yi aiki a duk ayyukanka. In kuwa na aiki ɗaya ne, ka rubuta su a `.git/info/exclude`, wanda ba ya bin turawa.